Agogon hannu ya daina nuna bugun zuciya bayan sabuntawa: a yi fomat ko a dakata?

Mai tambaya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Agogo ne mai awon lafiya, haɗe da wayar Android. Tun da aka sabunta wayar, manhajar agogon ta daina nuna bugun zuciya da barci, taku ma ba ya shigowa sai an buɗe ta. Ga shi agogon ma yana neman a sabunta shi. Wasu sun ce a yi masa fomat kawai. Mene ne daidai, kuma yaya za a yi kada awon da aka tara ya ɓace?

Mai gyaran waya, Gusau

Wa alaikumus salam Malam. Kada a taɓa fomat tukuna, domin zai share duk awon da bai riga ya shiga waya ba, kuma da wuya ciwon ya kasance a jikin agogon.

A fara gwada wannan: ɗaura agogon, ka sa shi ya auna bugun zuciya da kansa. In koriyar fitilar da ke bayansa ta kama kuma lamba ta fito, agogo lafiyarsa ƙalau, sai a koma kan waya.

Shiga saitin, ka nemo manhajar agogon, ka duba izini. Daga Android 12 aka ware izinin na'urorin da ke kusa, in babu shi manhaja ba ta iya magana da agogo ta Bluetooth. Kunna shi, ka haɗa da izinin motsin jiki, da na wuri in ta nema. A ƙasan shafin akwai maɓallin da ke janye izini daga manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba, ka kashe shi.

Sai batir, kuma a nan na fi zargi, tunda ka ce taku na shigowa in an buɗe manhajar. Alama ce waya na kashe ta da zarar an rufe allo. Cire mata takunkumin batir gaba ɗaya. A Tecno, Infinix da itel, ka shiga Phone Master ka ba ta damar tashi da kanta, sannan ka kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe don kada shara ta kwashe ta. A kwana da agogon dare ɗaya, da safe a duba ko barci ya shigo.

Injiniyan kwamfuta, Jega

Gaskiyar mai gyaran waya ce. Ni zan yi magana kan sabunta agogon kansa, don nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi.

Bi da bi ake yi. Buɗe manhajar har awon yau ya gama shiga, sabunta manhajar da ke waya, sannan agogo daga ƙarshe. In ta iPhone za a sabunta Apple Watch, ba ya farawa sai batir ya kai kashi 50 cikin 100, yana kan caja, iPhone na kusa kuma tana kan Wi-Fi, kuma wannan ƙa'ida ta dace da kowane agogo. Abin tsoro a wajenmu shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, saboda haka a jona cajar a fawa banki mai cike, kada a dogara da soket. A kula da zafi ma. Apple ya ce agogonsa tsakanin digiri 0 da 35 aka yi shi ya yi aiki, mu kuwa a Maris da Afrilu rana na wuce 40. A yi da dare ko bayan asuba.

Idan ya gama, a duba abu biyu: yanayin tattalin batir, wanda ke dakatar da awon da agogo ke yi da kansa, da kuma tazarar awon zuciya. A Galaxy Watch zaɓi uku ne, kullum, ko duk minti 10, ko sai ka danna da hannu. In dole sai an raba agogo da waya, a yi daga cikin manhajarsa bayan an adana bayanai, ba daga jerin Bluetooth ba.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu

Malam, in mai agogon yana da hawan jini, ga abin da nake so a riƙe. Awon hawan jini na Galaxy Watch sai da manhajar Samsung Health Monitor a wayar Samsung, kuma duk kwana 28 ana daidaita shi da na'urar damtse, awo uku a jere, mutum na zaune a natse. Wa'adin na cika yake daina aunawa, mutane su ɗora wa sabuntawa laifi. Ƙananan agogunan kasuwa da ke nuna awon jini ba tare da an taɓa daidaita su ba kuwa, don Allah kada a rage magani ko a ƙara saboda lambarsu.

A riƙa goge bayan agogo da tsumma mai laushi, gumi da ƙurar hunturu na dushe fitilar. A ɗaura shi kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata amma kada ya matse.

Injiniyan kwamfuta, Jega

Ƙari kaɗan ga masu Apple Watch na hannu da aka kawo daga Amurka. Series 9 da Ultra 2 da aka sayar can daga Janairun 2024, masu lambar samfur da ke ƙarewa da LW/A, an toshe musu awon iskar oksijin saboda shari'ar Apple da kamfanin Masimo. Fomat ba ya buɗe shi. A Agustan 2025 aka dawo da shi ta iOS 18.6.1 da watchOS 11.6.1, sai dai sakamakon a manhajar Health ta iPhone yake fitowa, ba a fuskar agogo ba. Dole waya da agogo duka su kai wannan matakin.