Shin maimaita rabo yana kawar da sa'a daga gasar karta?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina taimaka wa alƙalin gasa a wani kulob na wasan birij a garin da nake aiki a Ingila, kuma ina da wata magana da nake so ku auna mini. Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ne ke zama a tebur, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa, a raba kati 52 kowa ya sami 13. Da farko ana yin ciniki, inda kowane ɓangare ke faɗin yawan kwasar da zai iya ci da irin katin da zai yi yanka, sannan kowa ya riƙa sauke kati ɗaya, mai mafi girma ya kwashe, har sau 13. A gasa ba a yin sabon lale bayan an gama. Kowa yana ajiye katinsa a gabansa ba tare da ya cakuɗa da na wasu ba, ya mayar da shi cikin aljihunsa na wani allo mai aljihu huɗu, a miƙa allon zuwa tebur na gaba, can ma a buga rabon nan yadda yake. Saboda haka ba a tambayar ko ka sami kati masu kyau, ana kwatanta abin da ka yi da abin da wasu suka yi da ainihin katin da ka riƙe. Tun a 1857 Henry Jones ya gwada wannan dabara a Landan da wasan wis, kakan birij, ya haɗa gwanaye huɗu da 'yan wasa huɗu na gama-gari a ɗakuna biyu da rabo iri ɗaya, gwanayen suka yi nasara. Maganata ita ce wannan tsari ya fitar da sa'a daga wasan gaba ɗaya, kuma duk wanda ya lashe gasar da aka shirya haka, shi ne ya fi kowa iyawa.

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. A wurinmu da zarar an ce karta, caca ce ke zuwa zuciyar mutum, kuma na san kana ƙoƙarin raba wasanka da wannan suna ne. To amma ko a Turai ba a ba ku gaskiya ba, domin a watan Oktoba na 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar ƙungiyar birij ta Ingila da hukumar haraji cewa birij ba ya cikin wasannin motsa jiki. Idan da ƙwarewa ce tsantsa, me ya sa kotu ta ƙi?

Malam Habibu: Injiniya, ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da aka kai gaban kotun shi ne ko za a yafe harajin kaya da hidima a kan kuɗin shiga gasa, kuma dalilin da ta bayar shi ne motsa jikin da ke cikin wasan bai taka kara ya karya ba. Ba ta ce wasan na sa'a ba ne, har ma ta yarda cewa yana buƙatar tunani da riƙe abu a ka. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya amince da hukumar birij ta duniya tun 1999, an kuma buga wasan a gasar nahiyar Asiya ta 2018 a Jakarta. A kulob ɗinmu ba a ɗora ko sisi a kan sakamakon rabo, kuɗin shiga na hayar zaure ne da shayi.

Malama Rabi: Ni lissafi nake koyarwa, kuma ta wannan ƙofa zan shigo, domin na yarda da rabin maganar Malam Habibu, ragowar rabin kuwa ina ganin akwai sauran rina a kaba. Abin da maimaita rabo ya kawar shi ne sa'ar samun manyan kati. Bai kawar da sa'ar yadda katin da ba ka gani suka rabu a hannun abokan hamayya ba. Idan kai da abokinka kuna riƙe da kati takwas na iri ɗaya, biyar suka rage a wurinsu, to kusan kashi 68 cikin ɗari za su rabu uku da biyu, kusan kashi 28 huɗu da ɗaya, kusan kashi 4 kuma duka biyar ɗin su taru a hannu guda. Mu ɗauka gwanaye biyu sun yi ciniki mai kyau har suka kai ga babban alkawari, wato suka ɗauki nauyin cin kwasa mai yawa, wanda zai cika muddin katin sun rabu uku da biyu, sauran tebura kuwa, saboda tsoro ko rashin sani, suka tsaya a ƙaramin alkawari. Gwanayen sun yi daidai, amma kusan sau ɗaya cikin uku za su faɗi, su koma ƙasan kowa a wannan rabo, matsoratan su kwashe maki. Allon bai yi musu adalci a wannan dare ba, ya dai tabbatar da cewa kowa ya gamu da mummunan rabo guda, alhali ba kowa ne mummunan rabon ya cutar ba.

Malam Habibu: Malama, hujjarki tana da ƙarfi a kan rabo ɗaya, amma ba a yanke gasa da rabo ɗaya. A zaman yamma muna buga rabo 24 zuwa 27, kowanne kimanin minti bakwai, kuma a cikin wannan adadi wanda yake bin hanyar kashi 68 zai wuce wanda yake jiran kashi 32.

Malama Rabi: Zai wuce shi a shekara, ba lallai ya wuce shi a yamma ɗaya ba, kuma a lissafi rabo 27 adadi ne ƙarami ƙwarai. Masu shirya manyan gasa sun san haka, shi ya sa wasan ƙarshe na kofin Bermuda, gasar birij ta duniya da aka fara a 1950, yake ɗaukar kwanaki. A 2003 a Monte Carlo, Amurka da Italiya sun buga rabo 128, aka tashi Amurka na da maki 304, Italiya 303. A rabon ƙarshe Lorenzo Lauria na Italiya yana sauke katin abokinsa, waɗanda suke buɗe a kan tebur, da kansa domin abokin ya tashi daga wurin, ya taɓa katin da ba shi yake nufi ba, alƙali ya ce katin ya sauka, masu sauraron ƙara suka tabbatar. Wa zai iya rantsuwa cewa maki ɗaya bayan rabo 128 ya nuna ƙungiyar da ta fi iyawa?

Malam Habibu: Wannan misali nawa ne, ba naki ba. Kuskuren hannu da gajiya da rashin natsuwa duk suna cikin abin da gasa take aunawa, kuma babu wani kati da ya faɗo wa Amurka daga sama.

Zainab: Yaya Habibu, ka yi mini afuwa, amma akwai wata sa'a da ku biyun ba ku ambata ba, kuma ita ce wadda mai shirya gasa yake ƙirƙira da hannunsa. Na riƙe takardun maki a kulob ɗin ɗalibai lokacin da nake karatu, na kuma ga yadda tsarin zagayawa yake sauya sakamako. Kujerun kowane tebur ana kiransu arewa, kudu, gabas da yamma, kuma a tsarin Mitchell, masu zama arewa da kudu ba sa motsi, masu gabas da yamma suna hawa tebur ɗaya bayan kowane zango, alluna kuma suna sauka tebur ɗaya. Idan tebura tara ne, komai yana tafiya sumul, zango tara na rabo uku-uku, kowa ya buga duka 27. Amma a haƙiƙa gasa biyu ake yi a zaure ɗaya, domin 'yan arewa da kudu da junansu ake kwatanta su, haka ma 'yan gabas da yamma. Idan alƙali bai raba gwanaye tsakanin ɓangarorin biyu ba, suka taru a gefe guda, wanda ya zo na ɗaya a ɗaya gefen ya ci banza. Idan kuma tebura takwas ne, bayan zango na huɗu masu zagayawa za su ci karo da allunan da suka riga suka buga, dole a sa su tsallake tebur ɗaya, kuma ta haka kowa yana rasa wasu alluna da wasu suka buga. Tsarin Howell ya fi adalci ta wannan fuska, domin da tebura bakwai kowane biyu suna karawa da sauran 13, rabo biyu-biyu, a sami zakara guda, sai dai ba ya ɗaukar babban zaure, kuma mutum ɗaya da ya zauna a kujerar da ba tasa ba yana iya rikita zango biyu. Ko a cikinsa ma, wanda ya gamu da raunanan 'yan wasa a kan rabo mai wuya zai kwashi maki, wanda ya gamu da su a kan rabon da kowa yake samun sakamako ɗaya bai ƙaru da komai ba.

Injiniya Lawal: Zainab, kina nufin ko lissafin makin ma zaɓin mai shiryawa ne?

Zainab: Ƙwarai kuwa, Injiniya. A makin kwatance, a kan kowane allo kana samun biyu a kan duk wanda ka fi, ɗaya a kan wanda kuka yi kunnen doki, ko da ratar maki goma ce kawai, don haka ƙarin kwasa ɗaya maras muhimmanci tana iya kai ka saman kowa. A wasan ƙungiyoyi kuwa girman ratar ake dubawa, a mayar da ita zuwa ma'auni mai tashi daga sifili zuwa 24, ta yadda babban alkawari ɗaya yana iya rinjayar ƙananan rabo goma. Kati ɗaya da wasa ɗaya suna iya fitar da zakaru daban a ƙarƙashin lissafin biyu.

Alhaji Sule: 'Ya'yana, na saurare ku, kuma ina ganin kun tsaya a kan sa'a kun bar abin da ya fi hana mai shirya gasa barci. Maimaita rabo ya toshe ƙofa ɗaya ya buɗe wata, domin tun da kati ɗaya ake bugawa a tebura da yawa, duk wanda ya ji wata kalma daga teburin maƙwabta, ko ya hango takardar maki, ya riga ya san abin da bai kamata ya sani ba. Mafi muni shi ne saƙon ɓoye tsakanin abokai biyu. A gasar Bermuda ta 1975 aka fara sa allon shamaki a tsakiyar tebur don kada mutum ya ga fuskar abokinsa, a wannan gasar kuma aka zargi 'yan Italiya biyu, Facchini da Zucchelli, da taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur, har sai da aka sa shinge a ƙasa ma. Shekara arba'in bayan haka, a 2015, Boye Brogeland na Norway ya fito fili ya zargi Lotan Fisher da Ron Schwartz na Isra'ila, masu nazarin bidiyo suka ce wurin da suke ajiye allo a kan tebur shi ne saƙon. A shekarar aka zargi Fulvio Fantoni da Claudio Nunes da isar da saƙo ta hanyar ajiye kati a tsaye ko a kwance, ko da yake a 2018 kotun wasanni ta Lausanne ta soke hukuncin da hukumar Turai ta yanke musu saboda hujja ba ta kai ba. Ko mai gaskiya yana iya tona katinsa da jinkiri, shi ya sa dokokin wasan suka hana abokinsa amfani da wannan jinkirin, suka kuma ba alƙali ikon gyara maki. To, Habibu, idan gwaninta ce kaɗai take fitar da zakara, me ya sa ake kashe kuɗi a kan shamaki da kyamarori?

Malam Habibu: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Maguɗi ba sa'a ba ne, laifi ne, kuma kasancewar mutane suna yinsa yana nuna cewa sanin kati ɗaya yana da tasiri a inda komai ya dogara da iyawa. Amma na karɓi gyaran Zainab a kan zagayawa, domin na ga misalinsa da idona. Wata rana mun sami tebura takwas da rabi, wato dole kowane zango mutum biyu su zauna babu wasa, kuma waɗanda suka zo na ɗaya su ne suka huta a kan alluna uku mafi wuya na daren. Akwai ma batun lale. Hannun mutum ba ya cakuɗa kati sosai bayan an buga su iri-iri, kuma masana lissafi Bayer da Diaconis sun nuna a 1992 cewa ana buƙatar kimanin lale bakwai na sarƙe kati kafin su gauraya da kyau, alhali yawancin mutane uku ko huɗu suke yi. Da muka koma rabon kwamfuta, tsofaffin mambobi suka yi ta ƙorafi cewa na'ura tana kawo rabo na hauka, ba su san cewa rabon hannu ne ya saba musu da sauƙin da ba na gaskiya ba.

Malama Rabi: Wannan ya ƙara wa maganata nauyi, Malam, domin rabon kwamfuta yana kawo huɗu da ɗaya da biyar da babu daidai yadda lissafi ya ce, kuma a nan ne gwanin da ya yi daidai yake faɗuwa. Ban ce a daina maimaita rabo ba, ban kuma san wata hanya da ta fi ta ba. Kalmar "gaba ɗaya" ce nake so ka janye.

Malam Habibu: Na janye ta a kan zaman yamma ɗaya, ban janye ta a kan gasar kwana uku ba, kuma a can ina nan a kan bakana. Gasar shekara ta kulob ɗinmu tana tafe, muna sa ran tebura goma sha huɗu. Zainab, idan na raba su gida biyu na tebura bakwai-bakwai a ranar farko, kowane gida ya yi Howell da alluna iri ɗaya da na'ura ta raba, sannan bakwai na sama daga kowane gida su haɗu a rana ta biyu, shin in ɗauko musu wani kaso na makin ranar farko, ko kowa ya fara daga sifili?

Zainab: Ka ɗauko musu kaso, Yaya, amma kada ya wuce abin da allo biyu za su iya gogewa, kuma kafin ka raba gidajen ka jera mutane bisa sakamakonsu na bara, ka riƙa jefa su ɗaya nan ɗaya can. Ka kuma nemi mutum biyu na ko-ta-kwana da za su cike gurbi, don kada ka sake wayar gari da rabin tebur.