Injin kicin zan saya kafin azumi, ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum matan zaure, dan Allah taimako nake nema, na ɗauki adashi na kuma ina so in sayi fud furosesa ɗin nan kafin azumi dan wallahi na gaji da aiken yara gidan markaɗe, jiya sai da aka kira magariba Ilham ta dawo kuma rabin ƙullun a jikin hijabinta. Wanne kuke amfani da shi mai ƙarko? Mu tara ne a gidan

Anty Balki: Wa alaikumussalam. Tsaya tukun, me da me za ki riƙa yi da shi?

Maman Ilham: Kayan miya, waken ƙosai da alale, shinkafar waina, sai kunun aya dan maigidan ba ya shan ruwa sai da shi

Anty Balki: To ai ba fud furosesa kike nema ba ƙanwata, kin ga abin da ya sa na tambaya kenan. Shi fud furosesa kwanonsa mai faɗi ne, wuƙarsa sara take yi ba niƙa ba, aikinsa yanka kabeji da karas, goge kwakwa, daddatsa albasa, niƙa nama, kwaɓin fulawa na cincin da mitfai. Idan kika zuba masa wake zai farfasa miki ne ya bar shi da tsaki-tsaki, ki ƙara ruwa kuma ya fara tsiyaya ta tsakiya wajen da wuƙar ke zama. Duk abin da kika lissafa ɗin nan aikin blanda ne mai ƙarfi ko kuma irin na 'yan Indiya mai kofunan silba guda uku

Amaryar Bana: Innalillahi ni fa shi aka sa min a kayan kicin, wata biyar yana kwali ban taɓa buɗewa ba, faifayen nan masu ɓuli-ɓuli ma ban san na mene ne ba 😂

Anty Balki: Su ne na yanka da gogewa amarya, mai dogon baki yana yanka kokumba da dankali fale-fale, mai ƙananan huji kamar greta yake. Ki fito da shi ki dafa doya ki zuba da zafinta ki sa wuƙar, kafin ki wanke cokali sakwara ta haɗu ba turmi ba taɓarya

Amaryar Bana: Kai Anty da gaske?? Yau kuwa ango zai sha mamaki

Hajiya Babba: Sakwarar inji dai ba ta kai ta turmi daɗi ba, amma wanda bayansa ke ciwo ba ya zaɓe. Maman Ilham ki ji maganar Balki. Ni nawa mai kofunan silba Panasonic ne, tun kafin auren babbar 'yata nake da shi, yanzu 'ya'yanta biyu. Babban kofin na markaɗe, matsakaicin na busasshen abu, da shi nake niƙa yajina citta kanumfari masoro kimba duk su zama gari, har kuɓewa busasshiya da agushi. Ƙaramin kuma na tafarnuwa da ɗanyar citta. Abin da nake so da shi akwai wani ɗan maɓalli a ƙasansa, in kin cika masa kaya ya ji wuya sai ya kashe kansa, ki rage kayan ki jira ya huce ki danna ya tashi. Wanda ba shi da wannan kuwa sai dai ki ji ƙauri

Ummu Sultan: Ƙaurin nan ni na san shi Hajiya 😭 Bara na sayi wani dogo mai jan jiki a kasuwa, a kwalin an rubuta wat 8000 manya-manya, mai shagon har cewa ya yi zai niƙa dutse. Sati uku na zuba aya sai hayaƙi, na mayar masa ya ce ai shi bai san da wannan zance ba tunda na fita da shi daga shago

Maman Khalil: Wannan lambobin na jikin kwali kar su ruɗe ku dan Allah. Maigidana aikin wayarin yake shi ya fahimtar da ni, filogi mai ƙafa uku fis ɗin da ke ciki amfiya 13 ne, wutarmu kuma 230 ce, in kin ninka abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 3000 ba, to ta ina 8000 za ta bi ta shiga? Ya ce ki juya injin ki duba 'yar takardar da ke manne a gindinsa, kuma ki ɗaga shi ki ji, mai nauyi yawanci shi ne mai wayar tagulla a kwayil, wanda kika ɗauka kamar fanko to ki ajiye musu kayansu. Na gida mai wat 600 zuwa 1000 na gaskiya ya ishe ki komai

Ummu Sultan: Da na san haka tun bara

Hajiya Babba: Ke ma dai da naki, aya kin jiƙa ta kuwa?

Ummu Sultan: Awa biyu na jiƙa Hajiya

Hajiya Babba: To ai shi ya sa. Busasshiyar aya kwana take a ruwa, ni har canza ruwan nake da asuba kar ta yi tsami, dabinon ma a cire ƙwallo a jiƙa shi daban, kwakwa a yayyanka ƙanana. Kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa, ki kunna kamar minti ɗaya ki kashe ya huta, ba ki danna ki tafi shanya ba. Injin gidan markaɗe ne kawai ake wa haka dan shi bel ne ke jansa

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri ina ta karantawa. Amma ƙosan fa? An ce na blanda ba ya tashi, mai yake sha

Anty Balki: Ruwa ne ke musu yawa, saboda blanda ba ta juyawa sai da ruwa sai mutum ya yi ta ƙarawa har ƙullu ya zama kunu. Ki surfa waken ki jiƙa ya yi laushi, ki fara sa albasa da attaruhu a ƙasa su za su ba da ruwa, sannan waken rabin kofi ba cikawa ba, ruwa cokali-cokali. In kin juye sai ki buga shi da muciya sosai iska ta shiga, gishiri sai za ki fara suya. Wallahi ya fi na inji tsafta, ni abin da ya raba ni da gidan markaɗe kenan ranar da na kai gyaɗar kunu aka niƙa min bayan mai tattasai, kunun gyaɗa ya fito ja yana yaji, ga baƙi-baƙin ƙarfe da wani lokaci ke fitowa a ƙullu in sun sa sabon faifai

Maman Ilham: 😂😂 ya taɓa faruwa da ni a gasarar koko

Ta Maraɗi: Sannunku 'yan uwa. Mu nan Moulinex muka fi sani, kuma ina da ƙaramin na sara nama da albasa yana min aiki ƙwarai, amma gero na fura da kunu har yanzu inji nake kaiwa, tiya guda ba aikin na gida ba ne. Ki yi tunanin kuran ma, wato wutar lantarki, in ana yawan ɗaukewa a unguwarku ranar da babu sai kin koma inda kika baro

Maman Ilham: Gaskiya wutarmu sai a hankali, amma muna da sola

Maman Khalil: Ki tambayi wanda ya haɗa muku inbatar nawa ce, saboda motar da ke cikin injin lokacin tashi tana jan wuta fiye da abin da aka rubuta, ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke. Ƙaramin janareton nan mai haɗin mai da baƙin mai ma da ƙyar yake ja. Kuma in wuta ta zo ba ƙarfi kika ga fanka na juyawa kamar mai jin barci kar ki kunna, ita ke ƙona kwayil

Yar Gidan Malam: Ni yayata ce a Amurka ta ce za ta aiko min, in karɓa?

Maman Khalil: Ki ce ta duba tukun, nasu na wuta 120 ne, kina sa shi a soket ɗinmu zai yi tau shi kenan, sai dai da taransifoma kuma mai ɗaukar inji ba arha ba. Na Ingila ne ke daidai da namu har filogin iri ɗaya, shi ya sa 'yan Beljiyam, wato kwancen Turai, na Kenwood da Philips ke tafiya a kasuwa

Anty Balki: Ɗan Beljiyam ɗin ma a yi hankali, motar kan yi kyau amma in jug ya fashe ko murfi ya ɓata samun irinsa wahala, kuma Kenwood in ba ki murɗa murfin ya zauna daram ba ba zai tashi ba, mutane da yawa sun ɗauka lalacewa ya yi. Shi MultiPro ɗin na Kenwood yana zuwa da kwanon furosesa da jug na blanda a kan mota ɗaya, in kuɗin sun kai ba laifi, amma ga gida mai mutum tara da azumi ni dai mai kofin silba zan ce

Maman Ilham: To na tsaya a kansa. A Sabon Gari zan duba in sha Allah

Hajiya Babba: Ki tafi da busasshiyar citta da ɗan wake a leda, su kunna a gabanki kowane kofi a gwada, ki karɓi rasit da sunan shago. Ki kuma tambaya ko suna da robar ƙasa mai haƙora wadda ke haɗa kofi da mota, ita ke fara cinyewa, ki sayi biyu ki ajiye

Amaryar Bana: Anty Balki doyar ta dahu, da ruwan zan zuba ko in tsame?

Anty Balki: Tsame mana 😂 ki ajiye ruwan a gefe ko za ta yi tauri, kuma kar ki wuce rabin kwano