Neman aikin ƙirƙirar wasannin tseren mota

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Na kammala karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero, kuma burina in samu aikin ƙirƙirar wasannin tseren mota. Ta ina zan fara?

Habibu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ƙware a C++, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, da Unreal Engine, wato manhajar gina wasannin kwamfuta, sannan ka gina ƙaramin wasa, ko da a Titin Zariya za a yi tseren, domin kamfanoni aikin hannu suke fara dubawa.

Malama Hauwa: Wahalar tana wajen daidaita tsakanin kamanni da gaskiya da kuma daɗin wasa. Idan motar tana zamewa a kowace kwana kamar ta gaske, sabon shiga zai haƙura. Shi ya sa wasan tseren mota na Forza Motorsport ke zana layi a kan titi da yake nuna inda za a taka birki, gwani kuwa yana iya kashe layin.