Musayar Waƙa: Hajiyar Agege da 'Yan "Na Tura"

Hajiyar Agege: Ina faɗa, jikata na rubutawa. Bismillah.

Shekara arba'in ina Ikko,
Goron Shagamu na kasa tun farko,
Yau yaro ya shanye mini koko,
Ya ce, "Mama, na tura, duba saƙo."

Har magariba alat bai shigo ba,
Ɗan nema kuwa bai komo ba,
Kuɗin da hannuna bai taɓa ba,
Ni dai ban kira shi kuɗi ba.

Ɗan Mile 12: Hajiya, a gafarce ni tukuna.

Kin tsine wa waya da rana,
Da dare ke da ita kuke kwana,
Saƙon muryarki a WhatsApp, Inna,
Ya fi gadar Third Mainland tsawo in an auna.

Hajiyar Agege:

Kai mai tumatir, kama baki,
Kwandonka sama ja, ƙasa baƙi,
Shekarar canjin kuɗi ka kwana a banki,
Ni na ranta maka tsofaffi daga ƙarƙashin katifa a ɗaki.

Uwar Biyu, Obalende: Ayyiriri! An kayar da shi. Wahalar 2023 ai masu katifa ne suka tsira.

Malamin Idi-Araba: Ba na goyon kowa. Amma ɗango na huɗu ya karya kari, ya yi tsawo. Kuma "baki" da "baƙi" ba amsa-amo ɗaya ba ne, k daban, ƙ daban. Haka "koko" da "saƙo".

Uwar Biyu: Malam, ai kunne ke jin waƙa. Da yaron ya cusa Third Mainland cikin baiti me ya hana ka magana? Ko don yana ba ka gyaran albasa?

Malamin Idi-Araba: Nasa ma yana ɗingishi, ban iso kansa ba ne.

Ɗan Mile 12: To Malam, kawo naka mu auna.

Malamin Idi-Araba: Ina zuwa, an kira salla.

Hajiyar Agege: Kwana biyu babu wuta, wayar ta mutu. Malam, har yanzu sallar ce?

Da aka kori acaba daga Ikeja,
Danfo ya mai da gwiwata haja,
Amma jirgin ƙasan nan mai ja,
Agege zuwa Oyingbo babu ja-in-ja.

Sanyi na hura ni, ina taunar goro,
Burodin Agege a jaka, ba tsoro,
Babu kwandasta mai kira na "wole",
Nan kam zamani ya burge ni dole.

Ɗan Mile 12:

Hajiya, jirgin nan ba ya cin takarda,
Katin Cowry kawai ya yarda,
Ashe kin shiga layinmu, kin amince!

Na huɗun ya ƙi zuwa, Malam ya cike.

Uwar Biyu: Baiti ƙafa uku kamar Keke Marwa, kuma kake tsokanar manya.

Hajiyar Agege: Katin na jikata ne, ni na ba ta kuɗi a hannu. Kai kuma ɗana, tsofaffin nan da na ranta maka, sababbi nake jira. Kada ka ce mini ka tura.