Sarauniya ta faɗi, Bakabe ya ƙi tashi

Ɗan Jega: Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wasan ces, darar Turawa, da munka yi jiya da Bakabe a teburin mai shayi, Birnin Kebbi. Ku yi muna hukunci.

Taku na sha bakwai na saki doki,
Ya ɗau sarauniya a gaban sarki,
Mai hankali a nan zai taka birki,
Ya miƙa hannu, kowa ya tai aiki.
Bakabe ko sai ya ja min tsaki,
Ya zaunar da ni awa mai jiran banki.

Bakabe:
Sarauniya maki tara na ba ka, doki maki uku na karɓa,
Ciniki ne, ɗan kasuwa ka saba,
Amma jikan Kanta bai taɓa sanin ja da baya ba,
In sarki na tsaye, yaƙi na gaba.

Kuma ka hwaɗa wa zaure yadda munka ƙare.

Gwaggon Zuru: Kai! Bakabe ya yanka. Allah ya ƙara basira ɗana.

Malam Na-Gwandu: Gwaggo, a bar yabon son kai. Ɗangonshi na uku ya fita layi awa raƙumi cikin tumaki. Game da wasan kuwa:

Gwani in ya rasa ko doki guda
Gaban gwani, hannu yaka miƙa ya yarda,
Ladabi ne wanga, haka munka gada,
Mai jan gawa ba abin da zai tara sai ƙuda.

Bakabe: Malam, da girmanka. Kakanninku ma sun daɗe suna jiran Argungu ta miƙa hannu, har Bature ya iske su suna jira.

Zakaran ces Kasparov a 1997 ya miƙa wuya
Ga kwamfuta Deep Blue, wasa na biyu, ya juya baya,
Daga baya mutanenshi sunka ce mai akwai hanya,
Da ka daure da canjaras ka samu, ba kunya.

Yaron Yauri: Tunda Ɗan Jega ya yi shiru, bari in ba da shaida.

Ina wurin, ni ke riƙe da fitila,
Sojan Ɗan Jega ya kai gida na takwas, ya zama sarauniya ba matsala,
Sarauniya biyu gare shi, bai kula,
Ya toshe wa sarki kowace ƙofa bai kai mai hari ba, wasa ya kammala.

Sarki ba a kai mai hari ba, ba inda zai taka, ba sauran ɗa mai motsi. Canjaras ke nan a doka. Mai shayi har ƙasa ya zauna don dariya.

Gwaggon Zuru: Dara ta ci gida!

Malam Na-Gwandu: Yaro, ɗangon nan naka na ƙarshe sai an yi masa guzuri kafin a kai ƙarshensa. Kai kuma Bakabe, 1997 wane baharin awon waƙa ta shiga? Ko Rajaz da ake kira jakin mawaƙa ba ya ɗaukar wannan kaya.

Bakabe: Ƙafiya ta zauna ko ba ta zauna ba?

Malam Na-Gwandu: Ƙafiya daban, kari daban. Ƙidaya gaɓoɓinka, doguwa da gajera, ka gani.

Yaron Yauri: Malam, waƙar baka ba ta san arulli ba, kuma ana rawa da ita. Ni dai abin da na sani, a 2025 a Norwe gwanin ces Gukesh na cikin halaka gaban gwani Carlsen, ya ƙi miƙa hannu, ya juye wasan, Carlsen ya naushi tebur.

Malam Na-Gwandu: To ga kalangu nan, a kiɗa maka. Nan zauren rubutacciya ne.

Gwaggon Zuru:
Ku bar Malam da awon ɗango,
Ni darar gida ta ishe ni a zango,
Rami talatin, ba doki ba ango,
Sha biyu-biyu, jera uku ka ci, ka jingina da bango.

Amma Malam, kai da kanka ka ce gaban gwani. Miƙa hannu shaida ce cewa na gabanka ya iya ƙarasawa. Ɗan Jega ya iya?

Bakabe: Gwaggo ta gama magana. Allah ya ja zamaninki.

Ɗan Jega: Yanzu na taso daga kasuwa na tarar kun yi walima da namana.

Yaron Yauri, fitilarka ce ta kashe min ido,
Bakabe, sa'a ce ta fisshe ka, ba ka iya iyo ba ka sha kogi da ado,
Masunci ya ga ƙugiya ya haɗiye awa kwaɗo,
Ran Asabar ka zo, sarauniya guda ta isa in kai ka gado.

Malam Na-Gwandu: Inna lillahi. Ɗango na biyu ya kashe ni.

Bakabe: Asabar bayan isha'i, in sha Allah. Amma sharaɗin jiya wanda anka ci shi ka biyan shayi, kuma ba a ci kowa ba. Mai shayi na bin kofi shida da burodi biyu. Wa zai biya?

Yaron Yauri: Mai sarauniya biyu mana.