Ƙararrawar doki da aka tono daga ƙasa: wa ya taɓa samun irinta?

Mai Tono: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na'urar gano ƙarfe ta kai ni ga wata 'yar ƙararrawa a wata gona a Wiltshire, nan Ingila, da izinin mai gonar. Kewayayya ce, ta tagulla, da tsaga a ƙasa da ƙananan huji biyu a sama, kuma akwai haruffan RW a jikinta. Don Allah wanda ya san kanta ya ƙara mini haske.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ka yi dace, yaro. RW alamar Robert Wells ce, mai zubin ƙararrawa a ƙauyen Aldbourne, cikin Wiltshire ɗin da kake. Gidansu ya yi aiki daga wajajen 1760 zuwa wajajen 1825, kuma 'ya'yansa sun ci gaba da sana'ar bayansa. To ka ga haruffan gida suke nuna maka, ba su isa su ba ka shekara ba. Ni ina da guda biyu masu wannan alama. Abin da na fi so ka duba shi ne kunnen da ake rataye ta da shi. Idan tare aka zubo shi da jikin, mai kusurwa huɗu, kuma akwai layin da ya ɗan taso ya zagaye tsakiyar jikinta, to zubin bai-ɗaya ce. Sannan ka juya ta. Yawancinsu suna da zane kamar hasken rana mai fitowa, wasu kuma kamar ɓawon kifi. Idan ka ga lamba, girman ƙararrawar take nufi. Na sha ganin masu ɗaukar ta a matsayin shekara.

Maman Yara: Baba, mu a Amurka labarin daban ne. Na tono guda huɗu a jere kusa da wani tsohon barga. Fatar da aka ɗaura su a kai ta ruɓe, su kuwa suna nan yadda aka jera su, daga ƙarama zuwa babba. Zanensu kamar fure ne. Irin waɗannan an fi danganta su da East Hampton a jihar Connecticut, inda William Barton ya fara sana'ar a 1808, gidan Bevin kuma ya biyo baya a 1832. Dawakin da ke jan keke a kan ƙanƙara ake sa wa, saboda keken ba ya ƙara, sai ƙararrawa ke gargaɗin masu tafiya a ƙasa.

Ɗalibi: Ba kowace ce ta doki ba fa. Tawa ƙarama ce, marar kauri, an haɗa ɓari biyu da dalma. Na kai wa ma'aikaciyar da ke rajistar kayan tarihin da jama'a suka tsinta, ta ce irin wannan ƙira ta girmi ta zubi, kuma mai yiwuwa a jikin tufafi ko a ƙafar shaho aka ɗaura ta. Tumaki ma ana rataya musu. Yaya Mai Tono, ka auna faɗinta ka faɗa mana.

Dattijo: Gaskiya ne. Manyan su ne aka fi sa wa dawakin amalanke, don a ji tahowarsu a ƙunƙuntar hanya kafin a yi kiciɓis.

Maƙeri: Roƙona ɗaya, kada ka goge ta da takardar yashi ko ka jiƙa ta a ruwan tsami. Wani abokina ya yi wa tasa haka, koren jikinta ya tafi, zanen ya dusashe, raina ya ɓaci ƙwarai da na gani. Ruwa da burushi mai laushi sun isa, ka bar ta ta bushe sarai. Ɗan ƙwallon da ke ciki galibi na baƙin ƙarfe ne, shi ya sa yake tsatsa ya manne ko ya zagwanye gaba ɗaya. In ya manne, kada ka zura ƙusa ta tsagar don ka motsa shi, nan ne ta fi saurin fashewa.