Yini ɗaya gare mu a Accra ni da Baba, ina za mu fara?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen mutanen Ghana ko waɗanda suka san gari. Wata mai zuwa zan raka Babanmu biki Accra, shi Ankara ma yake ce mata har yau, kuma ranar Juma'a kaɗai ce ba mu da hidima. Baba a zangon Kumasi ya yi ƙuruciyarsa, yana cikin waɗanda suka dawo gida a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, tun daga nan bai sake taka ƙasar ba, amma wallahi ba a sati bai yi mana zancen Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, ba. Yanzu ya ce shi dai a kai shi kabarinsa ya gani da idonsa. Matsalar ita ce ƙafarsa, ba ya iya doguwar tafiya sai da sanda, ni kuma ina so mu ga wurare da yawa tunda ba kullum ake zuwa ba. Ya za mu tsara yinin?

Yaron Nima:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya kawo ku lafiya. Ku sha koko da ƙosai da sassafe ku fita kafin rana ta buɗe don zafin bakin teku ba wasa ba ne. Kar ku hau trotro, wato bas ɗin haya, da tsoho, ku ɗauki shatar tasi ku yi ciniki tun farko. Ku fara da Black Star Square, fili ne fetal babu inuwa shi ya sa na ce da safe, nan za ku ga babbar ƙofar nan mai baƙin tauraro a sama an rubuta 1957 a jiki. Kusa da wurin ne aka harbe tsofaffin sojoji uku ranar 28 ga Fabrairu 1948, Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, sun taho su kai ƙorafinsu ga gwamnan Turawa a Osu Castle kan haƙƙinsu na yaƙin duniya, daga nan gari ya rikice har aka kama su Nkrumah. Minti ashirin ya ishe ku, sai ku wuce makwancin Nkrumah, ba nisa a mota. Ƙarfe goma sha biyu ku kama hanyar Kanda, Juma'a a babban masallacin ƙasa da Turkiyya ta taimaka aka gina aka buɗe a 2021, ku je da wuri saboda gosulo.

Maman Khadija:
Ɗan uwa ni dai shawarata kar ka cika wa Baba wurare, ka bar masa safiyar gaba ɗaya a wajen Nkrumah. Na je bayan gyaran da aka yi aka sake buɗewa a 2023, na shiga da niyyar in ɗauki hoto in fita sai ga ni na kusa awa biyu. Filin nan shi ne inda Turawa suke wasan polo da, kuma a nan ya tsaya ya shelanta 'yancin kai daren 6 ga Maris 1957. Akwai ruwa yana tsiri gefe da gefe da gumakan masu busa, ga kabarin a cikin ginin marmara, matarsa Fathia 'yar Masar tana kwance kusa da shi. Amma abin da ya tsaya min a rai wani mutum-mutuminsa ne da ba kai, an sare shi lokacin juyin mulkin 1966 Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, yanzu an ajiye gangar jikin a tsaye kan kuma a gefe shi kaɗai, na tsaya ina kallo jikina duk ya yi sanyi, mutumin da aka yi wa wannan ya ƙare zamansa a Gini wajen Sekou Toure ya rasu a Romaniya a 1972, yau kuma yara 'yan makaranta ne ke layi su ga kabarinsa. Baba da ya ga zamanin da idonsa ai sai ya fi ni ji. Ka samo masa wurin zama a inuwa ka bar shi ya yi ta ba ka labari, ka kunna rikoda a waya. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na 'yan ƙasa, ka riƙe sidi a hannu.

Malam Tanko Agege:
Maman Khadija ta yi gaskiya amma ni ban yarda a je Accra a tsallake unguwar Jamestown ba. James Fort nan ne aka tsare Nkrumah, daga kurkukun aka fito da shi a 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe, to in Baba masoyinsa ne ai ya kamata ya ga wurin. Ba sai ya sauka ba, direba ya bi da ku a hankali bayan la'asar ku ga ganuwar da hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari da kwale-kwalen masunta. Hawa hasumiyar kam kar ka ko fara da tsoho.

Yaron Nima:
Haka ne Malam, bayan la'asar ɗin ya yi. Amma Yaya in kun sauko Juma'a ku shigo Nima ku ci waakye ko tuwo, daga Kanda ba wani nisa, duk inda Baba ya juya Hausa zai ji, kuma akwai dattawa sa'anninsa da ke zama ƙofar masallatai, ba mamaki ya samu wanda ya san unguwarsu a Kumasi.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na karanta wa Baba duka, da na zo wajen mutum-mutumin da aka sare wa kai sai ya yi shiru can ya ce ya tuna safiyar da aka faɗa a rediyo, yana shagon maigidansa yana ɗaure goro. Na soke sauran wuraren da na rubuta, mun tsaya kan waɗannan. Yaron Nima zan neme ka ta inbox kan maganar direba.